Filin Tambayoyin Masu Mota: Kashe inji a gangare da abin da yake yi wa giyar otomatik

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya kowane mai mota ya koma lissafin lita. Cikin dabarun da suka dawo har da wata tsohuwa ta direbobin da: a saki mota a firi idan an samu gangare, wasu ma su kashe injin ɗungurungum. Tambayoyin wannan fitowa duk a kan haka suke, shi ya sa muka tara su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2004 mai fulogi huɗu, otomatik. Kusan kowane mako ina bin hanyar Jos zuwa Akwanga. Idan na zo gangaren Hawan Kibo nakan mayar da giya N, in kashe inji, motar ta yi ta gangara da kanta, sai na kusa ƙasa in tayar. Wani abokina ya ce ina kashe giyabos, ni kuwa ban ji wani canji ba. Wa ke da gaskiya? (Mai karatu daga Bukuru)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya faɗa maka gaskiya, kuma muna roƙonka da girman Allah ka bar wannan ɗabi'a tun daga tafiyarka ta gaba. Giyabos shi ne mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da kake jefawa a haɗari. Amma tunda shi ka tambaya, da shi za mu fara.

Giyar otomatik da mai take rayuwa. Man nan ja da ake zuba mata shi ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin kwanbata ya miƙa wa giya, shi ke matse faya-fayen kuloci na ciki, waɗanda makanikai ke kira faiba, don giya ta shiga, shi ke shafe boris da bushin, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto ya huce. Duk wannan aiki famfo ɗaya ne tak ke tafiyar da shi. Famfon yana gaban giyabos, daidai bayan kwanbata, wato ƙaton ƙarfen nan mai kama da rufaffiyar tukunya da ke ɗaure a bayan inji. Wuyan kwanbatar ne ke shiga cikin famfon yana juya shi. Inji ya juya, kwanbata ta juya, famfo ya tura mai. Inji ya tsaya, famfo ya tsaya a wannan daƙiƙa, ko da motar tana shararawa a kilomita 100 a awa.

Don ka gane ƙarfin da ake magana: tayar motarka awo 30 zuwa 32 mai faci ke sa mata. A irin wannan ma'auni, matsin man da ke cikin giyarka yana kaiwa 55 zuwa 60 idan inji yana silo a D, wato yana aiki ba a taka totur ba, ya haura 130 idan an taka totur da nauyi. Da ka murɗe makulli sai ya faɗo sifili.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne a kan harafin N. Suna ɗauka giya ta rabu da komai ke nan, ta koma gefe tana hutawa. A'a. N tana raba giya da inji ne kawai, ba ta raba ta da tayoyi. Tayoyin gaba suna ɗaure da shaf, shaf yana ɗaure da haƙoran aksil, su kuma suna cije da ƙarafan cikin giya, babu kuloci a tsakani. A gudun kilomita 80 taya tana juyawa kusan sau 670 a minti ɗaya. Haƙoran aksil suna ninka wannan kusan sau uku, ka ga wasu ƙarafa a cikin giyabos ɗinka suna zagaye kusan sau 2,000 a minti alhali babu ɗigon mai da ke zuwa musu.

Ba duka sassan ne ke shan wahala daidai ba. Manyan haƙoran da ke ƙasa a cikin mai suke zaune, suna fantsama shi da kansu, su ba su da babbar matsala. Masu shan wuya su ne waɗanda man ke isa gare su ta ƙananan ramukan da aka huda a tsakiyar shaf: bushin na tagulla, siraran boris masu kama da allurai da ke cikin ƙananan haƙora, wanda kowanensu bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, da kuma faya-fayen faiba da ke wuce juna da ɗan siririn tazara. Waɗannan sai an tura musu mai da ƙarfi. Idan famfo ya tsaya, abin da ya rage musu shi ne danshin da ya manne a jikinsu, gudu kuma yana watsar da shi, zafi yana ƙona saura. Ga shi ka yi tafiya daga Jos man ya riga ya yi zafi, ya kai digiri 80 ko fiye, sannan ka rufe masa hanyar zuwa lagireto.

Dalilin da ya sa ba ka ji canji ba shi ne wannan danshi da muka ambata. Sau ɗaya ko sau biyu, na minti ɗaya ko biyu, ba ya kashe giya. Su kansu masu ƙera mota sun yarda a ja mota da inji a kashe idan ta kama dole, sai dai sun gindaya sharaɗi: a littattafan Toyota da yawa an ce kada gudun ya kai kilomita 30 a awa. Kai kana ninka wannan sau biyu ko sau uku, kowane mako. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Ɓarnar tana taruwa ne a hankali: bushin ya ɗan ci, ya buɗe, mai ya fara tsiyaya ta gefensa, matsin da ke zuwa ga faiba ya ragu, faiba ta fara sulɓi ta ƙone. Garin ƙarfen da ya goge kuma ya bi mai ya je ya toshe ƙananan hanyoyin bawul. Ranar da za ka ji alama, kuka siriri mai ƙaruwa da gudu, ko jinkirin shiga D da safe, ko inji ya yi ihu tsakanin giya ta biyu da ta uku, aikin gama ya gama.

To, yanzu ga abin da ya fi tayar mana da hankali a wasiƙarka, wato birki. A bayan tulun man birki akwai wani baƙin faranti mai faɗi, bustar birki. Ita ke ninka ƙarfin ƙafarka, kuma da zuƙar iskar da inji ke yi take aiki. Idan inji ya mutu, abin da ta adana na taku biyu ne ko uku. Ka gwada a gida motar tana tsaye: kashe inji, taka birki ka saki. Na farko laushi, na biyu ya ɗan yi tauri, kafin na huɗu ya zama kamar ka taka dutse. Birkin bai tafi ba, yana nan, amma sai ka danna da duk ƙarfin cinyarka, motar kuma za ta yi nisa kafin ta tsaya. Ka auna wannan a kwanar Hawan Kibo, tirela a gabanka tana rarrafe, wata tana haurowa.

Sitiyarin Camry ɗinka ma na mai ne, bel ne daga inji ke juya famfonsa. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji nauyinsa sosai ba, sai ka zo kwana ko ka so kauce wa rami. Na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi ita ma sai makulli yana ON take aiki, haka sigina, haka kuma jakar iska a motoci da yawa. Wannan ba zato ba ne. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makullinsu yana zamewa da kansa ya kashe inji ana cikin tafiya. Sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da aka kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Abin da ya afka wa waɗancan bayin Allah ba da saninsu ba, shi kake yi da hannunka.

Akwai kuma kulle sitiyari. A motarka makulli ba ya komawa LOCK sai giya tana P, amma motocinmu da yawa an taɓa canja musu makulli ko an yi musu gyaran waya, ba za mu ba ka tabbacin cewa wannan kariya tana nan ba.

Sai ribar da kake nema. Inji irin naka ba ya shan fiye da lita ɗaya a awa idan yana silo. A ce gangaren ya ɗauke ka minti 5, abin da ka tsira da shi bai kai rubu'in ƙaramar kwalbar lemo ba. Ko shi ɗin ma ba riba ba ce, domin motarka mai nozul ce, kuma birenbos ɗinta, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana da wata dabara: idan inji ya yi zafi, giya tana ciki, ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga totur, kuma allurar juyin inji tana sama da 1,200 zuwa 1,500, sai ya rufe nozul ɗin baki ɗaya. Tayoyi ne ke juya injin, fetur ko ɗigo ba ya shiga, amma famfon giya da na sitiyari da bustar birki da na'urar cajin batir duk suna aiki. Abin da kake nema da kashe inji, motar tana ba ka shi kyauta idan ka bar ta a giya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yadda za ka sauka ke nan. Tun kana saman tudu ka rage gudu. Danna maɓallin O/D da ke jikin sandar giya, fitilar O/D OFF ta kama, motar ta tsaya a giya ta uku. Idan har yanzu tana ƙara gudu da kanta, taka birki ka sauko wajen kilomita 50 zuwa 60, ka ja giya zuwa 2. L ta inda ya yi tsananin tsayi ce, a ƙasa da kilomita 30. Inji zai ɗaga murya, allura ta kai 3,000 ko 3,500, wannan ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi. Birki kuma ka riƙa taka shi da ɗan ƙarfi na 'yan daƙiƙu ka saki ya sha iska, kada ka kwantar da ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. Man birki DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma idan ya tsufa ya sha danshi a 140 ma zai iya tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa. A canja shi duk shekara biyu.

Ka kuma duba lafiyar giyar a wannan makon. Yi tafiyar minti 15, tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, bar inji yana aiki, zagaya da giya kowane harafi ka dawo P. Zaro ma'aunin man giya, goge da farin tsumma, mayar, sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya a tsakanin alamun HOT. Ja ko ja mai ɗan duhu lafiya lau. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, ko mai ƙyalƙyali idan ka haska shi a rana, alamar ɓarna ce. A kwance kaskon ƙasa a duba maganaɗisun da ke ciki: ɗan laushin toka-toka a jikinsu ba komai, amma ɓurɓushin ƙarfe ko na tagulla yana nufin bushin ko boris ya ci. A sa sabon rariya da gasket, a zuba Toyota T-IV. Kusan lita 3 da rabi ke fita idan an tsiyaye, cikin kusan 8 da giyar ke ɗauka, saura yana cikin kwanbata. Kada ka yarda a zuba maka ko wane mai don kawai ja ne.

TAMBAYA: Ni ba na kashe inji, giya kawai nake mayarwa N idan na hango danja ko na samu ɗan gangare. Corolla ce ta 2010. Shi ma laifi ne? Kuma a go-sulo N ya kamata in sa ko in bar ta a D? (Wata malama daga Zariya)

AMSA: Malama, naki ya fi na mai tambayar farko sauƙi nesa ba kusa ba. Tunda inji yana aiki famfo yana juyawa, birki da sitiyari suna nan da ƙarfinsu. Duk da haka ba mu ba ki shawarar ci gaba ba.

A N inji yana komawa silo, wajen juyi 700 a minti, famfo ma haka, alhali ƙarafan da tayoyi ke juyawa suna gudun titi. Mai yana zuwa, amma kaɗan ne a kan gudun. Wannan shi ne ƙaramin dalili. Babba shi ne mayarwa D ana cikin gudu: faiba za ta kama ƙarafa biyu masu mabambancin gudu ta daidaita su lokaci guda, kuma kowane irin wannan kamu yana cin wani abu a jikinta, musamman idan ƙafa ta riga ta hau totur. Sannan R tana maƙwabtaka da N. An yi wa sandar giya shinge don kada ta faɗa can da kuskure, amma hannun da ya saba wasa da giya ana tafiya wata rana zai zarce.

Ta fuskar fetur kuwa asara ce zalla. A N dole birenbos ya ci gaba da ba inji fetur don kada ya mutu, a D kuma ƙafa a ɗage yana iya rufe nozul. Kuma idan ɗan acaɓa ya faɗo gabanki kina buƙatar ki taka ki wuce, a N ihu kawai inji zai yi.

A go-sulo, idan tsayuwar ta ɗan lokaci ce, bar ta a D ƙafa a kan birki, an gina kwanbata don haka. Idan kin ga layin ya tsaya cak zai ɗauki mintuna, sa N ki ja birkin hannu, man giya zai rage zafi, ƙafarki ta huta. Idan za ki tashi, taka birki, sa D, jira daƙiƙa ɗaya ki ji ta kama, sannan ki taka totur.

TAMBAYA: Mu masu Golf manuwal fa? Iyayen gidanmu a tasha sun yi shekaru suna sakin mota a firi, ba mu ga giya ta lalace ba. (Direban haya daga Gombe)

AMSA: Ɗan'uwa, ta ɓangaren giya kun fi masu otomatik sa'a. Mafi yawan giyar manuwal ta ƙananan motoci ba ta da famfo, haƙora ne ke nutse cikin mai suna fantsama shi, don haka ɗan gangare ba ya busar da ita. Amma duk abin da muka faɗa a kan birki da sitiyari ya hau kanku, har ma da ƙari, domin a manuwal babu P da za ta hana makulli komawa inda sitiyari ke kullewa, ga fasinja cike da mota da kaya a but.

Su iyayen gidan naku suna da ɗan uzuri. A zamanin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, mota kafireto gare ta, shi kuma kafireto yana ci gaba da zuƙar fetur ko an ɗauke ƙafa daga totur, don haka mai sakin firi yana ɗan tsira da wani abu. Mota mai nozul da birenbos lissafinta ya sha bamban. Dabarar ta tsufa, motar ta canja.

Mu ƙara da kalma ɗaya ga direbobin manyan motoci, tunda tasha ɗaya kuke. Birkinsu na iska ne, kuma inji ne ke juya kwamfuresar da ke cika tankunan. A firi kwamfuresa tana tafiyar silo, kowane taku yana rage iska, nauyin tan 30 ko 40 kuma ya koma kan birki shi kaɗai har ya ƙone.

TAMBAYA: Honda Accord ɗina ta 2006 ta mutu a hanyar Zariya ta ƙi tashi. Wani ya taimaka ya ja ni da igiya kusan kilomita 60 zuwa Kano, giya a N. An gyara injin, amma yanzu ina jin wani kuka a giya. Jan ne ya jawo? Yaya ya kamata a ja otomatik? (Alhaji daga Kano)

AMSA: Ranka ya daɗe, akwai alamar haka ƙwarai, domin jan mota da inji a kashe daidai yake da sakin ta a gangare, sai dai ya fi tsawo. Littafin Accord na waɗannan shekaru ya yarda a ja ta tayoyin gaba suna ƙasa da sharaɗin a fara tayar da inji, a sa D, a dawo N, sannan a kashe, kada a wuce kilomita 55 a awa, kada tafiyar ta wuce kilomita 80. Ya kuma ce idan injin ba ya tashi, to dole a ɗaga tayoyin gaba. Taka ba ta tashi ba, ka ga sharaɗin farko ya faɗi.

A duba man yanzu. Honda ta bambanta da Toyota a nan: ana kashe inji ne bayan ya yi zafi, a zaro ma'aunin cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. A tsiyaye, a duba maganaɗisun da ke kan notin tsiyayewa, a zuba Honda DW-1, kusan lita 3. Idan kukan yana bin gudun mota ba gudun inji ba, kuma bai ragu ba bayan canjin mai, boris ne, gara a buɗe tun bai watse ya ɓata haƙora ba.

Ƙa'idar ja a taƙaice ita ce tayoyin da giya ke juyawa kada su taɓa ƙasa. Mota mai ja da gaba, irin Accord, Camry, Corolla da Sienna ta gama-gari, janwe ya ɗaga gabanta. Mai ja da baya, irin Hilux otomatik ko Marsandi, a ɗaga bayan, ko a kwance farfela daga aksil a ɗaure ta, a yi wa mahaɗar alama da alli don ta koma yadda take. Mai ja da tayoyi huɗu a ɗora ta kacokan a kan babbar mota. Masu giyar CVT, irin Nissan Altima daga 2007 ko Accord mai fulogi huɗu daga 2013, su ma kada a ja su a ƙasa ko kaɗan: bel ɗin ƙarfe ne a cikinsu tsakanin fuli biyu, matsin mai ke riƙe shi, idan babu matsi sai ya zame ya karce fulin, karcen kuma ba ya gyaruwa.

Idan igiya ce kaɗai mafita, a ja ta zuwa gari mafi kusa kawai, a gudun da bai kai kilomita 30 ba, makulli a ACC ko ON don sitiyari ya saki. Idan injin yana iya tashi, matsalar wata ce daban da ba ta shafi mai ko zafin inji ba, a bar shi yana silo a N, famfo zai yi aikinsa.

TAMBAYA: Mahaifina ya ce a da ana tura otomatik ta tashi. Ni kuma na ga Prius tana kashe injinta da kanta tana cikin tafiya. In kashe inji yana ɓata giya, me ya sa kamfani ya yi haka? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Mahaifinka ya yi gaskiya a kan motocin zamaninsa. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 giyar otomatik da yawa ta Amurka, irin Powerglide da TorqueFlite, famfo biyu gare ta: na gaba da inji ke juyawa, da na baya da tayoyi ke juyawa. Idan aka tura motar ta yi gudu, famfon baya ya tara matsi, giya ta kama ta juya inji. Wasu Marsandi sun riƙe wannan tsari har shekarun 1980. Daga baya aka cire famfon baya don rage nauyi da kuɗi. Motocin da ke hannun mutane yau ko unguwa guda ta taru ta tura ba za su tashi ba, sai dai a haɗa batir da waya ko a sauya shi.

Prius kuwa, wato Toyotar nan mai haɗa injin fetur da ƙarfin lantarki, gininta daban ne tun daga tushe. Ba ta da kwanbata, ba ta da faiba da ke jiran matsin mai, sitiyarinta da ƙarfin birkinta na lantarki ne, don haka mutuwar inji ba ta raba ta da komai. Sababbin motoci masu kashe kansu a danja su ma an tanadar wa giyarsu ƙaramin famfon lantarki ko ma'ajiyar matsi, kuma birenbos yana lura, da ya ga ƙarfin birki ko batir ya ragu sai ya tayar da inji da kansa. Mai murɗe makulli a tsohuwar mota ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ita ma Prius ɗin kada a sake ta a N a gangare, domin a N ba ta cajin batirinta, kuma kada a ja ta tayoyin gaba suna ƙasa.

TAMBAYA: To idan injin ne ya mutu da kansa ina cikin gudu, me zan yi? (Sabuwar direba daga Kaduna)

AMSA: 'Yar'uwa, riƙe sitiyari da hannu biyu tukuna, zai yi nauyi amma yana juyawa. Kunna fitilar haɗari, wadda maɓallinta ke da jan alwatika, tana aiki ko babu inji. Tura giya zuwa N, mataki ɗaya ne daga D, kada ki danna maɓallin sandar don kada ta zarce R. Kada ki kusanci P sai motar ta tsaya cak: P wani ɗan ƙugiyan ƙarfe ne da ke faɗawa cikin haƙori, a gudu karyewa zai yi ko ya fasa giyabos.

Birki ki taka shi sau ɗaya ki riƙe, ki ƙara ƙarfi a hankali. Kada ki yi ta famfa shi, kowane saki yana cinye ajiyar busta. Idan ya yi tauri, danna da duk ƙarfinki, ki taimaka masa da birkin hannu kaɗan-kaɗan, babban yatsa a kan maɓallinsa don ki iya saki idan tayoyin baya suka fara ja.

Idan hanya a miƙe take kuma babu cunkoso, kina iya murɗa makulli sau ɗaya giya tana N, otomatik tana tashi a N kamar yadda take tashi a P. In ta tashi, bari allura ta zauna, ki mayar D ƙafa ba a kan totur ba. In ta ƙi, kada ki ɓata lokaci, yi amfani da sauran gudun ki gangara gefen titi, ki tsaya nesa da kwana, ki sa P, ki ja birkin hannu, ki ajiye alamar alwatika a bayan motar da tazarar taku 50 ko fiye.